Gaisuwar da Na Kai wa Sarkin Jamus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Asabar ɗin da na durƙusa a ƙasar Jamus, ba takalmi, da kwalbar gyaɗa a hannuna.

Laifin bakina ne. Tun da na je karatu na gaya wa 'yan ajinmu cewa ni jinin sarauta ne daga Mubi. Gaskiyar magana, kakana jauro ne, wato mai unguwa, a ƙauyen Digil. Fadarsa gindin mangwaro ce, kuma babbar shari'ar da na taɓa gani ya yi ita ce ta akuyar da ta ci masarar maƙwabci. Amma wa zai zo daga Jamus ya bincika? Har Yarima suke kirana, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Sai ga Saratu. 'Yar Michika ce, ta zo karatun haɗa magunguna, a coci muka haɗu. Ina sonta, so na gaske, irin wanda ke hana mutum fahimtar lacca. Matsalar ita ce 'yar gida ce, tana iya tona ni da tambaya ɗaya. Don haka da makaranta ta shirya wa baƙin ɗalibai ziyara zuwa wata tsohuwar fada da aka gina da dutse a kan tsauni, na ce yau zan nuna mata sarauta a aikace.

A gidanmu ba a zuwa gaban mai sarauta hannu rabbana. Na ɗauki kwalbar soyayyiyar gyaɗa da Mama ta ba ni (ta ƙarshe, wadda nake ci ƙwaya biyar-biyar don kada ta ƙare) na sa a aljihun rigar sanyi. Sannan na cire tabarau, domin Saratu ta taɓa cewa na fi kyau ba shi. Ni kuwa in babu tabarau, ko Mama ce a tsallaken titi sai ta yi magana nake gane ta.

Matar da ke zagayawa da mu tana ta bayanin tarihin gidan. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ina can baya ina koya wa Saratu yadda ake shiga fada.

Muka shiga wani babban zaure mai duhu-duhu. Can ƙarshensa na hango mutum a kan kujera mai tsawo, da jar alkyabba da gemu, ya kafe mu da ido. Ashe mai gidan yana nan, kuma mutane suna ta wucewa da takalma suna ɗaukarsa hoto!

"Ku cire takalma," na ce wa 'yan ajinmu biyu da ke kusa da ni. Suka cire kuwa, tunda Yarima ne ya faɗa.

Na tuɓe nawa (babban yatsana ya leƙo ta hujin safa, daɓen kuma kamar ƙanƙara), na tsallake wata jar igiya da aka gitta, na durƙusa, na dunƙule hannu na ɗaga.

"Ranka ya daɗe! Gaisuwa daga Mubi!"

Na ajiye gyaɗa a gabansa. Bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya ƙara tabbatar mini, domin kowa ya san babban sarki ba ya amsa gaisuwa da bakinsa, fadawa ke amsa masa. Sai na ƙara sunkuyar da kai ina jiran bafade.

Ƙararrawa ce ta amsa. Wata mai gadi ta taho da gudu tana faɗa. Na laluba aljihu na maka tabarau, na ɗaga kai. Mutum-mutumi ne. Har ƙura a kan hancinsa. Mai gidan ya mutu tun ɗaruruwan shekaru, abin da matar da ke zagayawa da mu ta yi ta faɗa kenan.

'Yan ajinmu biyu suna tsaye da takalma a hannu suna kallona. Sai muryar Saratu ta tashi, da Hausa, da ƙarfi irin na fadawa:

"Sarki ya gaishe ka, Yarima!"

Na so ƙasa ta tsage. Mai gadi ta ƙwace gyaɗata, wai an hana shigowa da abinci, kuma har yau wannan ne ya fi yi mini ciwo.

A mota na zauna can baya ni kaɗai, na riga na haƙura da Saratu. Sai ta zo ta zauna kusa da ni, idonta jawur don dariya.

"Kakanka jauro ne, ko?" ta ce. "Nawa ma jauro ne. Tun ranar farko na sani, kawai ina jira in ga inda za ka kai."

Yanzu muna zaune a Yelwa, da 'ya'ya biyu. Duk ranar da na dawo daga aiki na sunkuya cire takalmi a ƙofa, sai in ji daga kicin: "Sarki ya gaishe ka!" Yaran ma sun koya.

Abin da na ɗauka dai shi ne, kafin in sake durƙusa wa kowa, sai na sa tabarau na tabbatar yana numfashi.