Rasuwar Ƴar Baƙa, Mai Lissahin Rudun Albasa

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yanzu bai kai ido ba, ni Nasiba matar marigayi Mato, a madadin mata ashirin da ukku na gurupman, wato ƙungiyar albasa ta Tama, ina sanar da ƴan uwa na Buza, Madawa da Keita rasuwar ordinatarmu, wato kwamfutarmu, wadda munka sani da Ƴar Baƙa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a ɗakina, tana da shekara tara a hannunmu. Shekarunta na wajen mai ita na hwarko, Allah masani.

Ɗiyata Hindatu ta kawo ta garin nan. Ita ta zana mata tablo, gida-gida kamar fangalin lambu, ta zaunar da ni ta koya mini, ni da ban taɓa taka lakkwal, makarantar boko, ba. Layi biyu kwance shi ne sallama, in ba ka yi shi ba marigayiya ba ta amsawa. Tauraro shi ne "sau". Akwai wata ƴar alama mai kama da malfa, ita ce ke ninka abu da kansa sati bayan sati. In albasa na raguwa kashi ukku cikin ɗari kowane sati, sai in buga 0,97, in aza mata malfa, in sa 12 don sati goma sha biyu, ta ce buhu ɗari sun koma sittin da tara. Ba ta taɓa tausaya mana a lissahi ba, ba ta kuma taɓa cutar mu ba.

Babban aikinta guda ne. Duk Juma'a mukan zaro albasa ɗari daga rudu, rumbun da muke ajiyarta, mu ƙirga ruɓaɓɓu, in shaida mata. Ita kuma ta hwaɗi satin da ya kamata a buɗe rudu, kahin ruɓa ta cinye kuɗin da jira ya ƙaro. Wanga dogon lissahi Hindatu ta rubuta shi a bayan wani gida na tablon, amsa kawai nake gani. Ta sha ce mini, "Inna, ki kwahe shi a takarda." Na ce sai an huce. Hindatu ta rasu shekara biyu ke nan, ban kwahe ba.

Ciwon ajalin ya hwara da zahin bazara. Da can in an kunna ta takan ce "tilin", ta yi "huuu" a hankali kamar jariri mai barci. Sai numhwashin ya koma "garr, garr", jikinta ba ya taɓuwa. Na yi abin da na yi wa ɗiya bakwai: na jiƙa zane na lulluɓe ta, na kwantar da ita bisa jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Kwana biyu. Zazzaɓin ya sauka kuwa.

Mahfuzu mai gyara a Madawa ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko rijiya ta hwaɗa. Da na gaya mishi, bai yi dariya ba, Allah shi yi mishi albarka. Ya ce ruwa ya kai har inda take ajiye abin da ta sani.

Ta bar sharja guda mai ɗaurin roba, da pano, allon wutar rana, bisa rufi wanda har yau yake shan rana ba don kowa ba, da jaka. Ta bar buhu ɗari da arba'in cikin rudu, sati na bakwai, ba wanda ya san ranar hitarsu. Cikin matan gurupman, Fiddausiya ta ce a buɗe yanzu, Jima ta ce a kai damina, dukansu kuma ni suke kallo. Ina cin tuwo, ina salla, ina amsa gaisuwa. Ban ji komi ba tukuna.

Ba za a bizne ta ba, Mahfuzu ya ce batirinta ba ya son ƙasa. Za ta kwanta cikin akwatin Hindatu, ƙarƙashin zannuwanta. Zaman gaisuwa ranar Assabar da hantsi, a bakin rudu, ba a gidana ba. Kada a kawo hatsi ko goro. Kowace ta zo da tabarma da buhu, don ran nan za ni buɗe rudun, mu tsince albasar ɗaya-ɗaya da hannu. In na yi sauri ko na makara, laihin nawa ne, kada a aza ma marigayiya.