Ranar da Tela Ya Yi wa Waya Kukan Talauci

Ni? A'a, 'yar nan, ba na danna duk abin da aka turo min a waya. Sai yara sun duba min tukuna, ko shafin kirki ne ko na macuta. Kin ma tuna min da wani. Matso kusa, kin san muryata ba ta da ƙarfi.

Wani tela ne ya sayi sabon keken ɗinki mai lantarki. Son da yake wa keken nan, ko ƙuda ne ya sauka a kai sai ya raka shi har waje da zagi. Yana da 'ya babba mai aiki a shagon waya. Ita ta koya masa, ta ce, "Baba, in an turo maka adireshin shafi, kar ka buɗe. Ka kwafa ka zuba a wannan wurin binciken. In ya nuna kore, lafiya lau. In ya nuna ja, na ɓarayi ne."

Wata rana da hantsi aka turo masa wani shafi, wai ana rabon zare kyauta. Ya kwafa, ya zuba. Sai ga ja. Jawur!

Ya jefar da wayar kan tebur, ya ruga wajen maƙwabcinsa mai faci. Shi kuwa mai facin nan, tunda aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba" ba.

"Maƙwabci, ja ya fito!"

"Ja? Ai shi ke nan, sun shigo. Yanzu haka suna cikin wayar, suna jinka, suna kallonka. Abin da suka gani mai kyau, shi za su zo ɗauka."

"Har keke?"

"Da keke za su fara."

"To in kashe wayar?"

"Ka kashe? Su gane akwai abin da kake ɓoyewa?"

Tela ya dawo gida da sanɗa. Ya jefa wa wayar ƙyalle, ya kinkimi keke ya cusa ƙarƙashin gado, ya jera tukwane a gabansa. Ya saka tsohuwar rigar da yake goge mai da ita. Sannan ya jingina wayar da kofi, ya yaye ƙyallen, ya zauna a ƙasa ya fara.

"Wayyo talauci! Ni da ko allura ba ni da ita! Da ƙaya nake ɗinki!"

Sai ga wani mai karɓar ɗinki ya leƙo. "Tela, ina sabon keken da ake ta labari?"

Tela ya yi tsalle ya toshe masa baki. "Wane keke? Mafarki ka yi! Je ka gida ka kwanta, ba ka da lafiya!" Ya tura shi waje, ya sa sakata.

Ya ga shi kaɗai ba za a yarda da shi ba, sai ya jawo matarsa gefe, ya raɗa mata komai. Ya ce, "Uwar yara, ki taimake ni. Zauna ki nuna musu ba mu da ko tsinke."

Ta dube shi, ta dubi wayar. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta jawo kujera, ta yi gyaran murya.

"Sannunku, bayin Allah. Kun ga zanen nan? Tun autana na rarrafe nake ɗaura shi."

Tela ya raɗa, "Madalla, ci gaba!"

"Rufin ɗakina kuwa, in ana ruwa sai mu fita waje mu fake."

"Yawwa!"

"Mijina tela ne, amma rigata tana cikin tarin ɗinkinsa har ɓera ya haihu a aljihunta. Nama kuwa, a gidan maƙwabta nake jin ƙamshinsa."

Tela ya buɗe baki zai ce ai ko jiya ya sayo. Sai ya tuna ana ji. Ya haɗiye, ya ce da ƙarfi, "Gaskiya ne."

"Ga minshari kamar injin niƙa."

"Ke, wannan ba na talauci ba ne!"

"Ƙarya na yi? Faɗa musu ƙarya nake yi."

Ya dubi wayar, ya dubi ƙarƙashin gado. "Gaskiya ne."

Haka ta yi ta zuba. Ta shiga rowarsa, ta fita ta shiga danginsa. Shi yana gumi yana "gaskiya ne, gaskiya ne".

Suna cikin haka 'yar ta dawo daga aiki, ta shigo ta ƙofar baya. Ta tarar da uba cikin tsumma, uwa na yi wa waya jawabi. Da ta ji bayani, ta ɗauki wayar ta duba, dariya har da riƙe bango.

"Baba, ai ba ka buɗe shafin ba! Bincike kawai ka yi, aka ce maka kar ka shiga. Ba wanda ke jinku."

Na'am, ina zuwa! Kin ji ana kirana, bari in ƙarasa miki a tsaye.

Tela ya miƙe yana huci, zai fara rama abin da aka yi masa. Matar ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙa wa 'yar hannu.

"Ke, buɗe min jan shafin nan, ban gama ba. Tunda na shigo gidan nan, yau ne kaɗai na yi magana ubanki ya ce gaskiya ne."