Sifikar da Na Ɓoye a Bayan Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti arba'in na wata safiyar Laraba ba. Na san lokacin daidai ne saboda na rubuta shi a littafina kafin in danna maɓalli (haka nake, ko shayi zan dafa sai na duba agogo).

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Dutsin-Ma, bincikena kuma a kan ƙarar ƙananan jirage marasa matuƙa ne, irin waɗanda ake fatan su riƙa kai magani ƙauyuka. Wata huɗu ina gaban kwamfuta ina lissafin yadda ƙarar ke raguwa idan jirgin ya yi sama. Sakamakona ya fito tsaf: in ya yi nisa sosai, ƙararsa ba ta kai ta injin niƙa ba, don haka ba za ta dami kowa ba. Saura mako biyu in kare aikin, malamina ya ce sai na gwada a kan mutane, in ba haka ba bai sa hannu.

Na hau mashin zuwa wani ƙauye kusa da Tamawa. Mai unguwa ya karɓe ni da mutunci, ya haɗa ni da yayarsa, Iya Hansatu, wadda mata ke sussukar gero a gidanta. Na ce masu tambayoyi na zo yi. Ban ambaci sifikar da ke jakata ba, wadda zan kunna musu ƙarar jirgin da ita, domin littafi ya ce in an sanar da mutane, amsarsu ba za ta zama ta gaskiya ba. Na ɓoye ta a bayan rumbu, na zaɓi ƙara mafi ƙanƙanta, ta jirgi mai nisa, na kunna.

Taɓarya ta farko ta tsaya. Sai ta biyu. Wata ta suri jaririnta ba ko zanen goyo, wata ta ture ƙwaryar gero ta bi ta darni. Kafin in ƙirga goma gidan ya watse, sai ni da alƙalamina da kaji suna walima.

Iya Hansatu ce kaɗai ƙafa ba ta bari ta gudu ba. Ta bi ƙarar da sandarta har bayan rumbu, ta ɗago sifikar.

"Wannan taki ce, 'yar boko?"

Na ce tawa ce, murya kamar ta sauro.

"Mu a nan, gunji daga nesa mashina ne masu yawa. Kin san su wa ke zuwa a haka."

Na sani. Kowa a yankinmu ya san haka 'yan bindiga ke zuwa. Kwamfutata ce kawai ban gaya wa ba. Na iya auna ƙarfin ƙara, amma ban taɓa tambayar abin da kunne ke tunawa ba.

Sai bayan azahar matan suka gama dawowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri ina bayanin jirgin maganin, na taya tsince geron da ya saura. Da zan tafi na daure na durƙusa gaban tsohuwar.

"Iya, to wace irin ƙara ce ba za ta dame ku ba?"

Ta miƙo mini sifikata, ta ce, "Jirgin naku ya yi ta ihunsa in ya so, 'yar nan. A dai aiko a gaya mana yana tafe. Ko baƙon da ya kawo alheri ai sallama yake yi."