Ragon Tani, Rijiyar Garin Tala

Mun ba da rago a garinmu, an haƙa rijiya a garin wasu.

Masu lakol, wato 'yan boko, sun ce faɗin mazaɓa ne ya jawo. Ni lakol ɗina bai yi nisa ba, amma na san tarihinta. Zamanin kakana, mai neman ƙuri'a bisa doki yake zuwa, ya kwana, ya san har mai tari a gari. Zamanin babana a mota, ya sha fura a tsaye. A namu zamanin mazaɓa ta kumbura kamar cikin jakin da ya yi ɓarnar wake, tun daga Gazawa har bayan Gidan Rumji. Sai hoton mutum ke zuwa, a liƙa a jikin gawo.

Ran nan dai ɗan takara, Mai Girma Uban Talakawa, ya iso da kansa cikin ƙatuwar mota kat-kat. Matanmu kuwa rana na take musu a hanyar ɗebo ruwa, shi ya sa muka lallashi maƙwabciyata Tani ta ba da ragon da ta turke don sunan jikanta. A miƙa, a roƙi rijiya.

Ya gyara babbar riga ya ce, "Ya ku mutanen Garin Tala, rijiyarku kamar an haƙa!"

Garin Tala na can wajen Cadakori. Mu muna kusa da Cadawa.

Tani ta zungure ni. "Malam Tahiru, ba sunan garinmu ba ne fa!"

"Yi shiru, Tani. Wa ke gyara wa baƙo magana cikin taro?"

"To gyara wa ragona hanya ya komo gida."

Dattawa suka sunkuyar da kai, aka shafa fatiha, muka tafa. Rago ya shiga kat-kat, abin da ni ban taɓa yi ba.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta: kaf tarihin mazaɓar nan, shi kaɗai ya cika alkawari. An haƙa, har da siminti. Ayuba mai kabu-kabu ya je ya sha, ya ce ruwa garai-garai.

Ranar suna da hantsi sai ga Tani a gidana, ta wuce turke ta kwance bunsuruna ɗaya tilo. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Baƙuwa ce ni, Malam. Ba a gyara mini."

Ko ƙafa ba ta aiko mini ba.