Yadda Na Ƙoshi a Argungu

Ni malamin nazarin zamantakewa ne a Birnin Kebbi, kuma akwai ƙa'idar da nake ji da ita kamar ni na haife ta: wai ɗan Adam ba ya zaɓi sai ya auna riba da hasara. Ranar da muka je gaida surukaina a Argungu, tun a mota nake ɗura wa Sani, ƙanin matata, wannan karatu.

Ko karyawa ban yi ba, don na san abin da ke jirana. Aka kawo farfesun kan giwan ruwa, kan da sai ƙato biyu za su ɗaga. Na yi lissafi: in na ce na ƙoshi, na ci sunan suruki mai kunya, kuma dole a sake matsa mini.

Sani ya ce, "Bismilla, Malam."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Sai ya jawo kwanon gabansa. "Kai kac ce mutum bai barin abin da ka amfani nai. Ba ni ƙaryata malami."

Ina kallo ya tsotse har idon.

Har yau ko gidan biki na shiga a Argungu, sai wani ya ɗaga murya: "Kar ku zuba ma Malam, ya riga ya auna!"