Cindo da Bargon da Ya Ƙi Kwanciya

A Unguwar Tsamiya akwai wani magidanci Cindo, mutumin kirki, sai dai magana yadda ta shiga kunnensa haka take zama, ba ya juya ta. Matarsa Tabawa ɗinki take yi, ta haɗa ragowar ƙyallaye ta mai da su bargo. 'Yarsu ɗaya tal, Sahura, ta samu makarantar koyon jinya a Jos, inda sanyi ba ya wasa. Motar da za ta kai ta ranar Asabar za ta zo, Tabawa kuwa ta rantse 'yarta ba za ta tafi ba bargo ba. Ɗinki ya ƙare, saura bugu, wato a ɗora shi kan gungume a bi layin ɗinki da mabugi, wata guduma ta icen kirya, har ya kwanta. Ita kafaɗarta ta riƙe, dole aikin ya faɗa hannun Cindo. Allah sarki Tabawa!

Wata rana, Laraba ce, ta ce, "Malam, ka kwantar min da ɗinkin nan." Ta dawo daga rijiya ta tarar da bargo a kan gado, an sa masa matashi, Cindo na yi masa fifita.

"Rage murya, yanzu ya samu barci," in ji shi.

"Da mabugi ake kwantar da shi, Malam!"

Ya ce ai sai ta faɗa tun farko. Ya ɗauko mabugi ya kwantar da shi kusa da bargon, ya ja musu ƙofa.

Wata rana kuma, wato washegari, ta ce, "Sai ya sha ruwa kafin ya sha bugu." Yayyafi take nufi, ko akuyar gidan ta san haka. Cindo ya ajiye wa bargo kwanon ruwa, ya jira, bargo bai motsa ba. Ya damo fura ya tsoma bakin bargon a ƙwarya, nan take bargo ya tsotse rabi.

"Kin gani? Yunwa ce ke damunsa!"

Ranar a wanki da shanya ta ƙare. Tabawa ta zauna bakin murhu ta yi kuka, don kwana ɗaya ya rage.

Wata rana, Juma'ar ƙarshe, ta tsaya a kansa, tana nuna layi yana bugawa. Ko'ina ya kwanta lumui, ban da wani tudu a gefen da mutum ke ja ya rufe fuska. Ta gaji ta ce, "Wurin nan ya ƙi kwanciya, ban san abin da ke damunsa ba." Ta shiga ɗaki yin salla. Kafin ta sallame, Cindo ya goya bargo a bayan keke, sai ɗakin shan magani.

Malam Isiyaku mai duba marasa lafiya ya san hali, ya danne dariya ya ce, "Ina ne ke masa ciwo?" Cindo ya nuna. Malam Isiyaku ya latsa tudun da yatsa, sai ya yi tsalle yana yarfe hannu, ga jini. Aka farke wurin, sai ga rabin allurar Tabawa da ta karye tun makon jiya, tsininta a sama.

Tabawa ta iso da gudu, Sahura na bayanta. Da ta ga allurar, ta tuna a gefen da Sahura za ta rufe fuska take, sai ta dafe kai tana salati.

Cindo ko a jikinsa. "To allura aka yi masa, ta yaya zai kwanta a kan wurin? Ni ma da aka yi min bara, kwana uku a tsaye na ci tuwo."

Aka koma gida aka ɗinke, Cindo ya buga sau uku, tudu ya kwanta. Sahura ta rungume bargon, tana dariya tana share ido, ta ce, "Baba, wallahi kai ya kamata a tura makarantar nan, ba ni ba."

Ranar Asabar da mota ta zo, aka tarar da Cindo a kujerar gaba, ya sa sabuwar hula, mabugi a kan cinyarsa.