Daƙiƙa da Likita Mai Tabarau

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin an kira kakana Daƙiƙa. An aike ni rumfarsa, na ji wani mai shago yana ce wa baƙo, "Kai wa Daƙiƙa. In agogon bai tashi a hannunsa ba, jefar da shi." Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a kan teburi ɗaya. Bara idonsa ya fara yaji kamar an watsa masa yashi, har ya soma mayar da aiki yana zancen rufe rumfa. Sati biyu na yi ina cigiyar likitan ido na kirki, sannan na je ɗaukarsa. Na gaishe shi daga bakin rumfa.

"Lafiya lau, amaryar da ba ta da ladabi. A tsaye ake gaida miji?"

"Mijin da bai gane ni ba sai da na yi magana? Tashi, Tsoho, ƙarfe goma za mu ga likita."

"Ba inda za ni. Wancan da kika kai ni, ko kujera ban ɗumama ba ya miƙo takarda. Fuskata ma bai kalla ba, bare idona."

"Wannan daban ne. Wata mai ɗinkin hannu ce ta ba ni labarinsa. Ta ce sai ya ji sana'arka da inda kake wuni kafin ya taɓa ka."

"Yana sa tabarau?"

"Yana sawa."

"Innalillahi! Bai gyara nasa ba, nawa zai gyara? Kin taɓa ganin agogon hannuna ya tsaya?"

"Ga shi nan a tsaye. Tun shekaranjiya yake kan ƙarfe huɗu."

Ya ja hannun riga ya rufe shi. "Hutu na ba shi."

"Agogo da hutu!"

"Kuma har kin yarda wai bushewar ido ce. Dubi hankicina sharkaf! Ido na zuba kamar famfo a ce ya bushe? Wallahi an yi asarar kai ki makaranta."

"Kukan rabuwa kake, don ka ji zan bar ka in auri mai gani."

"Mai gani ne zai kwashe ki? Da wannan hancin kamar maɓallin rediyo?"

"Naka ne, gado na ci. Buɗe agogon ka gyara. In ya tashi, na fasa likita."

Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya ɗauki ɗan hantsaki. Sukurun bai fi kan allura ba. Sau uku yana ɗagawa yana suɓucewa, hawaye na bin kuncinsa. A na huɗu ya faɗa ƙasan teburi. Bai nema ba. Ya ɗauki kwaɗon rumfa.

"Rakiya zan yi miki. Ke ce idonki bai da kunya, a duba shi."

Likitan ya fi rabin awa da mu. Ya tambayi yadda yake zama, da abin da ke gabansa, ya sa shi ya gwada yadda yake duba agogo. Ya ce in Kaka ya ƙura ido sai ya manta da ƙiftawa, ga iskar fanka a fuska wuni guda. Hawayen kuwa na zafin bushewar ne. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce a riƙa gasa idon da tsumma mai ɗumi, a kawar da fankar.

Muna fita Kaka ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Shekarata saba'in, yau aka koya min ƙifta ido! Kuma wa ya kawo fankar nan?"

"Ni. Da kake ta kukan zafi."

"Wa ya saita ta a fuskata?"

"Kai ka ce in matso da ita!"

"Kun ji ko, jama'a? Ta busar min da ido don in daina ganin muninta!"

"Ni? Ni da na yi sati biyu ina yawon asibiti saboda kai? Wallahi na sake ka, Tsoho!"

"Mace ke saki? A makarantar taku aka koya miki?"

Sati uku ban leƙa rumfar ba. Da na je, na tarar da agoguna huɗu a jere suna tafiya, yana kan na biyar, yana ƙifta ido da ƙarfi kamar mai jin haushin ƙiftawar. Ya tura min fankar da ƙafa yana dariya.

"Ɗauki, kyauta na ba ki. Mai tabarau ɗinki ya san aikinsa, na yarda."

"Abina za ka ba ni kyauta?"

"Karɓi dai." Ya waiga hagu da dama, ya fito da kwalbar maganin, ya rage murya. "Rabinsa a gemu yake ƙarewa. Hannun nan da ke ɗaura allurar agogo ya kasa saitin idona. Ki riƙa biyowa da yamma kina ɗiga min. Amma ki fara rufe ƙofa, kada 'yan kasuwa su gani."